Tudu Da Fadama: Labarin Yadda Aka Raba Ƙasar Haɗejiya Suna-Suna

Duk yaron da ya kai aji na sama a makaranta ya san taswirar nan ta Nijeriya da a ke ratayewa a bango, wadda aka shafa wa launi jeri-jeri kamar saƙin gwado. A gindinta, wajen bakin teku, kore ne shar, nan ne aka ce kurmi. Da an yi arewa sai koren ya riƙa kwashewa kaɗan-kaɗan, har a iso wani ratsi mai launin ƙasa wanda ya taso daga Sakkwato, ya bi ta Kano, ya nufi Barno. A cikin wannan ratsi Haɗejiya ta faɗo. Malam kan ce ƙasa ce ta gajeriyar ciyawa da itatuwa jefi-jefi, ruwan samanta kuwa kaɗan ne. Malam bai yi ƙarya ba. Amma yaron da ya fito daga Guri ko Kirikasamma, in ya ji haka sai ya sunkuyar da kai ya yi murmushi, don ya san cikin watan Satumba da jirgin ruwa ubansa ke zuwa duba shinkafa.

To, yau muna so mu ba ku labarin yadda aka yi ta raɗa wa yankunan wannan ƙasa suna, tun daga zamanin kakanni har zuwa zamanin jirgin sama. Kada ku ɗauka maganar banza ce. Sunan da aka rubuta wa wuri a takardar hukuma shi ne ke nuna wanda zai sa gatari, da wanda zai koro shanu, da wanda za a kama in an gan shi da fartanya.

Bari mu fara da kogin, don shi ne uban tafiya. Kogin Kano da na Calawa su ne suka haɗu kafin Wudil suka zama kogin Haɗejiya. Yana tafe a hanya guda, ya wuce Ringim, ya wuce Auyo. Da ya bar birnin Haɗejiya sai ya tarar da ƙasa ta kwanta shimfiɗe, ga kuma waɗansu dogayen tuddai na rairayi sun yi layi daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma. Masana sun ce iska ce ta tara su a wani zamani na fari mai tsanani, shekaru fiye da 10,000 da suka wuce, sa'ad da hamada ta sauko har nan. Irin waɗannan tuddai su a ke kira jigawa, kuma daga gare su jihar da aka ƙirƙiro a 1991 ta samo sunanta. Da kogi ya shiga tsakaninsu sai ya rasa hanya, ya rarrabu. Wani reshe ya bi Marma zuwa tafkin Nguru, wani ya zama Burum Gana, wani ya riƙe tsohuwar hanya har ya gamu da ruwan Jama'are kusa da Gashuwa, inda suka zama kogin Yobe mai zuba a tafkin Cadi. Ruwan saman wannan yanki bai fi milimita 500 zuwa 700 a shekara ba, watau inci 20 zuwa 28. Ruwan da ke cika fadamun kuwa baƙo ne, daga duwatsun kudancin Kano da na Bauci da Jos ya ke gangarowa.

Mutanen da suka zauna nan tun fil azal, Auyokawa da Badawa da Gizimawa da Mangawa da Hausawa da Fulani, ba su jira wani ya zo ya gaya musu bambancin wuri da wuri ba. Ai ko sunan garin ma, in mun bi labarin da tsofaffi ke bayarwa, daga wani maharbi ne Haɗe da matarsa Jiya, maharbi kuwa ba ya cin abinci sai ya san daji. Rabon farko da suka yi shi ne tudu da fadama, watau inda ambaliya ba ta kaiwa da inda ta ke kwanciya. A tudu akwai jigawa mai laushi ta gero da wake, akwai fako wanda ko an shuka ba ya haifuwa. Gonakin da ke kewaye da gari, waɗanda a ke kai wa taki kowace shekara, su ne karkara. Gonar da aka bari ta huta ita ce saura. Bayan saura sai daji, cikin dajin kuma in itatuwa suka haɗa kai har rana ba ta ratsawa sai a ce duhuwa ko kurmi, in ƙaya ce ta cakuɗe a ce sarƙaƙiya.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne yadda su ke karanta ƙasa da tsiron da ke bisanta. Manomi ya ga sabara da kargo sun cika wuri, ya san saura ce a jigawa, an taɓa noma ta, za a kuma. Ya ga giyayya, ya san ruwa na kwana nan wata biyu ko uku kowace shekara, ba zai kai gero ba. Ya ga bagaruwa ta yi gungu, ya san laka ce baƙa. Goriba da kabarta su kan tsaya a gaɓa, tsakanin tudu da fadama, inda ruwan ƙasa ba shi da nisa. Gawo kuwa aminin manomi ne, yana kaɗe ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya yi ganye da rani ya ciyar da dabbobi. Ciyawa ma haka: ƙarangiya da ƙyasuwa na tudu ne, jema ta gefen fadama, burgu kuwa cikin zurfin ruwa ya ke tsirowa, shi ne abincin da Bafillace ke yi wa tafiyar kwana da kwanaki. Wani likita Bature, Dokta Dalziel, da ya ga yawan waɗannan sunaye sai ya tattara su ya buga littafi guda a kansu a 1916.

Sai dai ga inda rabon kakanninmu ya sha bamban da na taswirar bango. A wurinsu wuri ɗaya a fadama yana da masu shi uku ko huɗu, kowa da watansa. Da ruwan farko manomi ya watsa irin shinkafa tun ambaliya ba ta iso ba. Cikin Agusta da Satumba ruwa ya rufe ko'ina, kifi ya fito daga kogi ya shiga ciyawa ya yi ƙwai, wurin ya zama na masunta, suna kama tarwaɗa da karfasa a bisa gonar wani, ba wanda ya ce don me. Ruwa ya ja da kaka, a yanke shinkafa, wani ya bi danshin ya shuka wake. Sa'an nan Fulani su gangaro daga tudu ta burtali, shanu su ci karmami da burgu, su bar taki. A bakin rafi kuma ga masu jigo suna ban ruwa ga alkama da albasa. Mata da yara suna yankan kaba don tabarma da igiya, majema suna tsintar 'ya'yan bagaruwa. In ka tambayi Bulama, ko Sarkin Ruwa, ko Arɗo, wane iri ne wannan wuri, gona ce ko makiyaya ko matsunta, abin da zai fara tambayarka shi ne, a wane wata?

Ba mu ce zaman lafiya lau a ke yi kullum ba. Shanu kan riga yankan shinkafa isowa, a yi ta shari'a. Amma kowa ya san akwai lokacin da hakkinsa ke farawa da lokacin da ya ke ƙarewa.

Da aka yi jihadi, Sambo ya kafa sarautar Fulani a Haɗejiya a 1808, ƙananan sarautun da ke bin Barno ta hannun Galadiman Nguru, irin su Auyo da Garin Gabas da Gatarwa, suka koma ƙarƙashin tuta guda. Malamai suka zo da rabon da ke cikin littattafan fiƙihu: akwai ƙasa rayayya mai mai ita, akwai matacciya wadda duk wanda ya raya ta da izni ta zama tasa, akwai kuma hurumi, watau filin da ke kewaye da gari ko rijiya ko mashaya wanda ba mai ikon mallake shi, don na jama'a ne su yi kiwo su yi itace. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi musamman a kan wannan mas'ala, mai suna Ta'alimur Radi. Kalmar hurumi tana nan a bakin mutane har yau.

Turawa suka ci Haɗejiya da yaƙi ran 25 ga Afrilu 1906, Sarki Muhammadu ya yi shahada tare da jama'a masu yawa. A 1910 aka yi doka wadda ta sa ƙasar Arewa duka a hannun Gwamna, a kan cewa yana riƙe da ita ne don amfanin 'yan ƙasa. Bayan wannan sai ga ma'aikatan daji. Shugabansu na farko, Mista Thompson, daga ƙasar Bama wadda yanzu a ke kira Miyanma aka ɗauko shi a 1903, shi da abokan aikinsa kuwa a manyan kurame na katako suka koyi sana'a. Saboda haka idonsu a kan itace ya ke. Wuri mai itatuwa a shata shi, a kafa alamu, a kira shi gandun daji, a hana noma da sara sai da takarda. Dokar daji ta 1916 da ta 1937 su suka ba da wannan iko, En'e kuma ta ɗauki malaman daji da 'yan gadi. An yi nufin a keɓe rubu'in ƙasar Nijeriya, abin da aka samu a ƙarshe bai wuce kamar ushiri ba. A ƙasar Haɗejiya, dajin Adiyani da na Baturiya suna cikin wuraren da suka zama gandu. A lokacin nan kuma jirgin ƙasa ya isa Nguru a 1930, ya bi ta Malam Madori, gyaɗa ta sami kasuwa, aka yi ta sare saura a tudu.

Dole mu yi adalci, gandun daji ya yi rana. Da ba don shi ba, da waɗansu kuramen bagaruwa sun daɗe da zama toka a murhunan Kano. Amma shi ne ya fara kawo ra'ayin cewa wuri ɗaya suna ɗaya gare shi, daga Janairu har Disamba.

Cikin 1934 wani shaihin malamin daji na jami'ar Edinbara, Mista Stebbing, ya zagaya arewacin Nijeriya da ƙasar Nijar da rani. Ya ga rairayi, ya ga busasshiyar ƙaya, ya ga ƙura, sai ya koma Ingila ya yi shela a 1935 cewa hamadar Sahara na tahowa kudu da sauri, za ta binne gonakin Hausa in ba a kafa mata dogon shinge na itatuwa ba. A ganinsa filayen nan na ciyawa da sabara duk kurmi ne a da, mutane suka lalata. Magana ta yi zafi har gwamnatin Ingila da ta Faransa suka naɗa kwamitin haɗin gwiwa na masana daji, suka bi iyaka daga ƙarshen 1936 zuwa farkon 1937. Suka dawo suka ce ba su ga alamar hamada na tafiya ba, tuddan rairayin nan tsofaffi ne, ciyawa ta daɗe da ɗaure su. Ɓarnar da suka gani ta saran daji ce barkatai don sababbin gonaki. Mu dai abin da muka lura shi ne, baƙon da ya zo da rani kaɗai rabin ƙasar ya gani.

Ita taswirar bangon makarantarku daga baya ta zo. Wani Bafaranshe masanin tsiro, Chevalier, shi ya fara yanka Afirka ta Yamma ratsi uku a wajen 1900, ya kira su Sahel da Sudan da Gini. Mista Keay na ma'aikatar daji ta Nijeriya ya bi wannan tsari ya fitar da littafinsa a 1949, ya sa Haɗejiya a ratsin Sudan, ya bar wa Sahel 'yar kusurwa wajen tafkin Cadi. A 1956 masana suka taru a Yangambi ta ƙasar Kwango don su daidaita baki, suka rarrabe kurmi rufaffe, da daji mai sarari, da fili mai ciyawa da itatuwa, da mai ciyawa da ƙananan tsirrai, da mai ciyawa zalla. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta sa ma'auni: kafin a kira wuri daji sai ya wuce rabin hekta, itatuwansa sun wuce mita 5 ko suna iya kaiwa, inuwarsu ta rufe fiye da kashi 10 cikin 100 na ƙasa, kuma ba gona ba ce. Hekta ɗaya kamar eka biyu da rabi ce.

Wannan ma'auni yana da amfani, don da shi ne za a gwada dajin Nijeriya da na Indiya a san wanda ke raguwa. To amma ku ɗauke shi ku shiga fadamar Haɗejiya da shi ku gani. Ga fili cike da kaba, iyakarta ƙugu. Mai duba hoton da aka ɗauko daga sama zai rubuta ƙananan tsirrai. Alhali kaba 'yar goriba ce, wuƙar masu tabarma ce ta hana ta tashi, in an ƙyale ta shekaru sai ta zama dajin goriba. Ga karkara mai gawo da kuka da tsamiya, itatuwanta sun fi na wani gandun girma, amma a takarda gona ce. Fadamar burgu kuwa, in an ɗauki hotonta a Satumba tafki ce, a Disamba makiyaya, a Afrilu fili ne tsagagge wanda mai ofis zai iya rubuta wa ƙasar da ba a amfani da ita. Wannan suna na ƙarshe shi ya fi kowane haɗari, don wurin da aka ce ba a amfani da shi shi a ke fara bayarwa.

Makiyayi ne ya fi shan wahalar wannan tsari. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo a 1965, niyya mai kyau, amma abin da Bafillace ke bukata da rani shi ne hanya zuwa fadama, fadama kuwa an riga an rubuta ta gona. Dokar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba mutum har hekta 500 don noma, ko 5,000 don kiwo. Takardar tana da gurbin suna ɗaya. Ba ta da gurbin da za a rubuta cewa na wane ne daga shuka zuwa girbi, na su wane daga girbi zuwa bazara.

Ana cikin haka sai aka taɓa kogin kansa. An gama madatsar Tiga a kan kogin Kano a 1974, daidai lokacin da ƙasa ke fita daga babban farin nan na 1972 da 1973. Aka kafa hukumar raya kogunan Haɗejiya da Jama'are a 1976, wani fari ya sake faɗowa a 1983 da 1984, aka rufe madatsar Calawa a 1992, aka kuma yi wata kusa da Auyo don noman rani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ambaliyar da kan rufe hekta 250,000 zuwa 300,000 a shekarun 1960 ta koma tsakanin 70,000 da 100,000 a farkon shekarun 1990. Inda ruwa ya daina kaiwa, giyayya da bagaruwa suka bushe a tsaye, masu itace suka loda su a mota zuwa birni, tumfafiya ta gaje wurin. Da aka hana shigo da alkama daga waje a 1987, injin ban ruwa ya yawaita, aka sare gaɓar kogi, burtalai da yawa suka toshe da albasa da tattasai. Waɗansu masana tattalin arziki da suka yi lissafi a farkon shekarun 1990 sun nuna cewa in an haɗa shinkafa da kifi da itacen da fadama ke bayarwa, kowace mudun ruwa ta fi riba a nan nesa ba kusa ba bisa ga manyan gonakin ban ruwa na Kano. Ga shi ko kiwo ba su sa a lissafin ba.

Abin mamaki, waɗansu wurare kuma ruwa ne ya yi musu yawa. Da can kogi kan ƙafe da rani, rana da wuta da kofaton shanu su share hanyarsa. Da madatsu suka riƙa sako ruwa rani da damina, sai wata doguwar ciyawa da a ke kira kacala ta sami abin da ta ke so, watau ƙafarta cikin ruwa kullum. Ta toshe tsohuwar hanyar kogi da laka, mafi yawan ruwan ya karkata Marma, ya kwanta bisa gonakin da a da a ke noma, mutanen Gashuwa kuwa suna kukan ƙishirwa. Kacala ba ta da amfanin burgu wajen kiwo, jirgin masunci ba ya ratsa ta, jan baki kuma ya mai da ita makwanci, daga nan ya ke tashi ya faɗa wa shinkafa. A taswira dai ita da burgu launinsu ɗaya, duk ciyawar fadama ce.

Suna na baya-bayan nan tsuntsaye ne suka jawo shi. Turawa sun gane cewa agwagin ruwa da waɗansu tsuntsaye da ke barin Turai in sanyi ya kama, bayan sun ƙetare Sahara a nan su ke sauka, su haɗu da ɗinya da kirinjijiya na gida. A 1987 aka kafa aikin kare fadamun Haɗejiya da Nguru, mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Filib, ya ziyarci Dagona a 1989. Akwai wata yarjejeniya ta duniya da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971, wadda ta ɗauki ƙasa mai ruwa-ruwa a matsayin iri na musamman, ko da ruwan na wata uku ne a shekara, ta kuma yarda mutane su ci amfaninta da hankali. A ƙarƙashinta aka rubuta tafkin Nguru da Marma a 2000, hekta 58,100, aka rubuta Baturiya a 2008, hekta 101,095. A ganinmu wannan ne karo na farko da takardar hukuma ta matso kusa da abin da Bulama ya sani. A ƙarshen 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince a mai da dajin Baturiya, murabba'in kilomita 320, gandu na ƙasa baki ɗaya, dokar irin wannan gandu kuwa ta fi ta En'e tsanani ga mai gatari da mai sanda. A gefensa ga ƙauyuka, da masunta, da rugage waɗanda kakanninsu suka sha ruwa a tafkunansa tun ba a zana layin ba.

Ku 'yan makaranta na ƙasar Haɗejiya, in an ba ku hutu muna so kowa ya sami littafi da fensir, ya zauna da tsoho mafi shekaru a garinsu. Ku tambaye shi sunan kowane tafki da kwari da tudu da ke kewaye da gari, da itacen da ke wurin sa'ad da ya ke yaro, da wanda ke wurin yanzu. Ku tambayi inda burtali ya bi a da. In ya nuna muku inda giyayya ta ke kafin a yi Tiga, ku auna da taku daga nan zuwa bakin ruwan bana, ku rubuta adadin, ku sa kwanan wata.